Ɗinkin da ke bayan rigar Yaya Sanusi

Abu na farko da na lura da shi da na iso ƙofar gidanmu ran nan shi ne ƙamshin man gyaɗa. Ba ranar suya ba ce. Inna ta riga ta matse manta ta cika jarka, kuma da idona na ga Yaya Sanusi ya ɗaure jarkar a bayan babur da safe zai kai ta kasuwar Gummi. Amma ga ƙamshi ya cika zaure kamar an kifar da kasko. Sai bayan ƙamshin na ga takalman maza jere har waje, sa'an nan na jiyo muryar mata daga cikin gida. A wannan makon ake cika shekara biyar da wannan rana.

Lokacin ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare a nan Bukkuyum. Yanzu ina ajin ƙarshe. Lauyarmu ta ce in rubuta abin da na sani, amma kada in ambaci sunan wurin da abin ya faru ko sunan wani jami'i, tunda magana tana gaban alƙali. Zan kiyaye.

Yaya Sanusi shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mahaifinmu Mamman ya rasu ina ƙarama, don haka shi na sani a matsayin mai gida. Kabu-kabu yake yi da babur ɗinsa, ranar kasuwa kuma ya ɗauki mai da ƙuli-ƙulin Inna ya kai wa masu saye. Shi yake kai ni makaranta. Kafin in hau sai ya cire hularsa ya share min kujera da ita, ko da kuwa ba ta yi datti ba. Ni ba mai magana ba ce, har yau, shi ya sa ya sa min suna Malama Shiru. Kullum in ya ɗauko ni da rana, muna karya kwanar gida sai ya waiwayo ya ce, “To, mi kig gani yau, Malama Shiru?” Sai in gaya masa cewa malamin lissafi ya sa safa kala biyu, ko akuyar gidan liman ta fara ɗingishi da ƙafar hagu. Ya yi ta dariya har babur yana kaɗawa. Shi kaɗai yake yi min wannan tambaya.

A wani shingen 'yan sanda da ke kan hanya tsakanin Bukkuyum da Gummi aka harbe shi, kafin azahar. Mutanen da suka gane shi suka kawo shi gida a motar itace. Babur da jarka suka tsaya a hannun hukuma, har yau ba mu sake ganinsu ba. Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya ce kada a jinkirta masa. Aka kira Malam Ila, dattijon da yake wankan gawa a unguwarmu tun Inna tana amarya. Ana idar da la'asar aka yi masa salla aka kai shi. Babu wanda ya yi tunanin asibiti. Wani abokinsa ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, Baffa ya danne masa hannu, kowa kuma ya ga daidai ya yi. Haka muke yi wa namu, kuma ban taɓa jin haushin Baffa a kan haka ba.

Kwana biyu bayan nan, muna zaman makoki, aka karanta sunansa a rediyo. Aka ce an harbe wani mai kai wa 'yan bindiga fetur a jarka, wanda ya ƙi tsayawa ya nufo jami'ai gadan-gadan zai banke su da babur. Na ga yadda matan da suka zo gaisuwa suka dubi juna, na ga wata ta jawo mayafinta ta miƙe ba ta gama shan kunun da ke hannunta ba.

Wanda ba a ƙasarmu yake ba da wuya ya gane nauyin wannan magana. Babu gidan da 'yan daji ba su taɓa ba, daga Zugu har ƙauyukan Anka. Wani an kashe masa uba a gona, wani an ɗauke masa mata. In aka ce wane yana kai musu kaya, an gama da shi da duk wanda ya haɗa jini da shi. Masu sayen man Inna suka ragu. Gaisuwa ta gajarce. Matar Yaya, Anti Hassana, tana da ciki lokacin, kuma tana haihuwa iyayenta suka zo daga Gummi suka tafi da ita, ba su ko zauna sun ci abinci ba. Ban ga laifin mutane sosai ba. Abin da suka ji ke nan, kuma daga bakin hukuma suka ji.

Ranar sadakar uku Inna ta tattara tufafinsa za a bayar. Ta miƙo min wadda ya sa ranar, wata jamfa shuɗiya mai haske da ya ɗinka da ƙaramar salla, ta ce in wanke, ita ba za ta iya ba. Na kai ta bayan ɗaki na wanke sau uku. Jinin ya fita. Man bai fita ba. Ya bar tabo a baya mai faɗin faifai, tun daga kafaɗa har ƙugu. A tsakiyar tabon, ƙasa kaɗan da kafaɗar hagu, akwai huda ɗaya wadda ƙaramin yatsana yake shiga. Na juya gaban rigar na duba tun daga wuya har ƙasa. Lafiya lau yake, ko zare bai tashi ba.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ya fi damuna a shekarun nan. A gidanmu ba a ba da sadakar abin da ya yage. Inna ta koya min cewa in za ka ba wani abu don Allah, ka ba shi yadda kai ma za ka so karɓa. Sai na zaro zare daga cikin lafin rigar don launi ya zo ɗaya, na zauna a inuwar darbejiya na ɗinke hudar. Na sa allura a hankali, na bi saƙar yadin tsaye da kwance har wurin ya cike. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Inna ta shafa wurin da yatsa ta ce Allah ya yi min albarka. Aka naɗe rigar aka kai wa Malam Ila, tunda shi ya yi wankan.

Sai da aka yi fiye da shekara kafin maganar kotu ta taso. Wata lauya 'yar Anka, Lauya Rabi, wadda take aiki a Gusau, mahaifiyarta tana cikin waɗanda ba su daina sayen man Inna ba. Ta zo ta zauna a kan tabarmarmu ta yi mana bayani. Ta ce wannan ba ƙarar ɗaure mutum ba ce, wannan hanyarta daban. Ƙara ce da iyali suke shigarwa da kansu su nemi kotu ta furta cewa an ɗauki ran ɗansu ba bisa ƙa'ida ba, ta sa a ba da haƙuri a fili, ta kuma yanke diyya. Baffa ya ce a bar wa Allah, mu da hukuma ina haɗi. Inna ta juya ta dubi Lauya. Can ta ce, “Ni ba diyya nika biɗa ba. Yadda anka karanta sunanshi ga rediyo, haka nika so a sake karanta shi, a ce ba haka ba ne.”

Lauya ta fara tambaya tana rubutawa. Akwai takardar likita? Babu. Hoto fa? Babu. Wanda ya ga abin da idonsa? Akwai wata mai fura da take zama kusa da shingen, ta gaya wa Inna a ɓoye cewa Yaya ya tsaya, ɗaya daga cikin 'yan sandan ya ɗaga masa hannu ya wuce, yana wucewa wani daga baya ya ga jarka ya yi harbi. Amma ta ce ko za a yanka ta ba za ta dangwala hannu a takarda ba, a wurin take neman abinci. Lauya ta yi maganar neman izinin tono kabari likita ya duba. Inna ta ce ba za a tada mata ɗa ba, kuma daga nan ba a sake tada zancen ba.

Sai Lauya ta ce, “Kayan da ke jikinsa fa?”

Ina bayan Inna a raɓe. Na ji muryata ta fito ban shirya ba, na ce akwai huda ɗaya a baya, gaba babu komai, kuma man gyaɗa ne a jiki, ba fetur ba. Na ce jarkar a bayansa take ɗaure, don haka duk abin da ya fasa ta ya watsa masa mai a baya, daga baya ya zo. Lauya ta ajiye biro ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. Ta ce ina rigar take. Na ce na wanke. Ta rufe ido. Na ce na kuma ɗinke.

“Kin ɗinke?”

“E.”

“Da kyau?”

“Da kyau.”

Ta dafe kai, sa'an nan ta yi wata 'yar dariya ta ce, “Ƙanwata, abin da aka koya miki kika yi. Amma lauyan hukuma zai ce ƙusa ce ta yaga ta, ko ya ce wa ya tabbatar ita ce a jikinsa ranar. Sai mun samu wanda ya cire masa ita da hannunsa.” Na yi kwanaki ban iya kallon allura ba.

Haka aka shigar da ƙarar da takardun rantsuwa, ta Inna da ta Baffa, wanda daga baya ya zo da kansa ya ce a sa sunansa. In zama ya faɗo lokacin hutu nakan raka Inna Gusau. Mu tashi bayan asuba, mu bi ta Anka, mu tsaya a jira motoci su taru kafin a shiga wurin da ba a bi ɗai-ɗai. Sau da yawa muna isa za a ce an ɗage. Na san fankar kotun da take ƙara in ta juyo gabas. Na san alƙali yakan cire tabarau in magana ta fara shiga kunnensa, ya mayar in ta gundure shi. Wanda ya yi harbin ban taɓa ganinsa ba, takarda kawai ake kawowa da sunansa. Mutane a gari suka ce Inna kuɗi take bi. Ta ji, ba ta fasa zuwa ba.

A zaman da ya wuce alƙali ya cire tabarau. Ya ce takardun rantsuwa na ɓangarori biyu suna gabansa, na 'yan sanda sun ce ta gaba aka harbe shi, namu sun ce ta baya, kuma ba zai zaɓi ɗaya da ka ba. Yana son ya ji daga bakin wanda ya ga jikin mamacin. Ya sa rana bayan babbar salla. Lauya Rabi ta ce wannan ita ce ƙofar da muke jira tun farko, amma in ranar ta zo ba mu da shaida, shari'ar za ta faɗi, abin da aka karanta a rediyo kuma ya zauna.

Mutum ɗaya ne ya cire rigar ya juya jikin Yaya, shi ne Malam Ila. Baffa ya je masa, ya ƙi. Lauya ta je da kanta ta durƙusa, ya ƙi. Ba tsoro ba ne. Wannan dattijo ya shiga daji ya ɗauko gawarwakin da matasa suka kasa zuwa ɗaukowa. Abin da ya ce wa Baffa shi ne, “Abin da hannuna ya taɓa wurin wanka amana ce. Ban taɓa hwaɗi ma ko matata ba. In na buɗe baki kan mutum guda, wa zai sake miƙo min ubanshi?” Ya kuma ce su zo su karɓi rigar in suna so. Lauya ta ce ya riƙe ta tukuna, gara ta fito daga hannunsa. Ni ban raina wannan magana tasa ba. Saboda ita ne kowane gida a unguwarmu yake samun natsuwa in an ce Malam Ila ne ya shiga.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Na tabbata zai yi dariyar Inna, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, tana gyara wa Baffa bambancin ɗage zama da korar ƙara. Zai yi mamakin jin cewa Malama Shiru ta yi magana a gaban baƙuwa. Game da ƙarar kuwa, ina jin da farko bayan Baffa zai bi. Mutum ne mai gudun rigima. In ya hango shinge tun daga nesa yake rage gudu, ya cire hula, ya gaida kowa da sunan girmamawa. Zai ce, Inna, a bar su da Allah. Zai ma tuna min cewa 'yan sandan ma a kan hanyar nan ake kashe su, kuma gaskiya ne. Wadda muke zama benci ɗaya da ita a aji, mahaifinta ɗan sanda ne, 'yan daji suka yi musu kwanton ɓauna bara bai dawo ba. Na je mata gaisuwa, ta san kuma ƙararmu, ba mu taɓa ɓatawa ba. Tsoro ne ya cika hanyar nan ta kowane ɓangare. Amma wanda aka ba bindiga don ya tsare mu, in tsoro ya sa ya yi kuskure, ya kamata a ce kuskure ne. Bai kamata a ɗora wa wanda ya mutu laifi don a rufe ba.

Abin da zai sauya wa Yaya ra'ayi ita ce Sa'adatu, ɗiyar da bai gani ba. Tana da wushiryarsa, kuma in ta yi dariya kafaɗunta suna rawa kamar nasa. Da aka kawo mana ita hutu ta tambaye ni mene ne fetur, don wata yarinya a Islamiyya ta ce babanta shi yake kai wa mugaye. Tana tambaya tana wasa da gefen mayafina. Na ce man gyaɗa babanki yake ɗauka, irin wanda Inna take zuba miki a ɗanwake. Ta gamsu ta tafi wasa. Nan da shekara kaɗan ba za ta gamsu da maganata ba, za ta so ta ji daga inda ya fi ni. Yaya zai haƙura da komai, amma ba zai haƙura da wannan ba.

Bai bar gida ko gona ba, babur ɗin ma ya tafi. Ya bar yarinyar nan, ya bar sunan da muke ƙoƙarin wankewa, ya kuma bar min tambayarsa. Duk lokacin da na ji ina so in ɓuya bayan Inna, sai in ji kamar ya waiwayo yana cewa mi kig gani. Na ga abin da na gani, kuma ban yi shakkarsa ko sau ɗaya ba. Shi ya sa hankalina yake kwance a kan shari'ar nan fiye da na kowa a gidanmu.

Malam Ila yakan sa rigar jefi-jefi. Ta koɗe, tabon man ya koma kamar inuwa, amma in ya wuce ta gaban makarantarmu nakan gane ɗinkina daga nesa, ƙasa kaɗan da kafaɗar hagu. Shekara biyar ina bin wurin nan da ido, ban taɓa ce masa komai ba sai ina kwana. Na kai tambayata wurin malamarmu ta Islamiyya, ba tare da na ambaci suna ba. Ta ce abin da aka fi tsananta wa mai wanka ya rufe shi ne aibin mamaci, abin da zai ji kunya in an sani. Na riƙe wannan kwana da kwanaki ina juya shi.

Shekaranjiya bayan la'asar na nemi izinin Inna, ta ƙulla min ƙuli-ƙuli a leda na tafi gidansa. Na same shi a zaure yana gyaran carbi, kuma rigar ce a jikinsa. Na durƙusa na gaishe shi.

“Ɗiyar Mamman ce? Ke da ba a jin muryarki, mi at tafe da ke?”

Na ce, “Baba Malam, ni na ɗinke bayan rigar nan.”

Ya daina jan carbin. Ya kai hannun dama ta saman kafaɗarsa, yatsansa ya sauka daidai wurin ba tare da ya laluba ba. Ya ce, “Na sani wani ya ɗinke ta. Duk sa'ad da zan sa ta sai na taɓa nan.” Bai kore ni ba, bai kuma ce in yi shiru ba. Sai na ɗaga kai na dube shi, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na faɗi abin da na zo da shi.

“Baba Malam, ba asirin Yaya na zo ka tona ba. Ramin nan ba aibinsa ba ne, ba shi ya yi shi ba. Ni na rufe shi da zare ban sani ba, kai ma kana rufe shi da shiru, kuma ba Yaya muke rufa wa asiri ba. Ina roƙonka don Allah, ranar zama ka sa rigar nan ka bi mu Gusau. Duk abin da ka gani a jikinsa ka riƙe abinka. In alƙali ya tambaye ka, ka juya ya ga ɗinkina, ka gaya masa ko nan ne.”